Haƙorin Makka: Abin da Na Gani a Wani Lungu na Misfala

Tun muna zaune a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ba a ma kira jirginmu ba, Umma ta taɓo ni ta ce, "Auta, kar dai ki manta da maganar haƙorina." Na yi dariya na ce ai ko ƙasa ba mu bari ba. Ta ce ta sani, tuni kawai take yi mini, don ta san halina.

Ta kuwa san shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin jinya, kuma a gidanmu ni ce mai hana ruwa gudu: kar a sha wannan jiƙon, kar a ɗiga wancan a idon jariri. Ita kuwa Umma shekara tara ta yi tana zubin adashi da kuɗin ɗinkin hula, kafin yayyena su cika mata kuɗin kujera. Aka haɗa mu tafiya tare saboda ciwon suga da take fama da shi. Duk lokacin da take lissafin tafiyar, abu uku take ambata: ta ga Ka'aba da idonta, ta yi sallama ga Fiyayyen Halitta (SAW) a Madina, sannan ta dawo da haƙorin Makka.

Ba wai ta ɗauki na ukun a matsayin ibada ba ne. Amma ku tuna zamanin da ta taso. Babu waya mai ɗaukar hoto, babu bidiyon da za a turo gida daga Arfa. Matar da ta sauke farali ba sai ta faɗa wa kowa ba. Murmushi kawai za ta yi a gidan biki, a gyara mata wurin zama. Mahaifiyar Umma ta rasu da burin tafiyar nan a ranta. Saboda haka wannan ɗan ƙyalli na gefen baki, a wurin Umma, shaida ce ta su biyun.

Unguwar da ake ciniki da Hausa

A Madina muka fara sauka. Bayan kwanakin ziyara muka ɗauki harama a Zul Hulaifa, muka kama hanyar Makka a mota, tafiyar kusan kilomita 450. Masaukinmu a Misfala yake, kudu da Harami. In kika fito daga masallaci kika miƙe titin Ibrahim Khalil, kika ba doguwar hasumiyar agogon nan mai mita 601 baya, a hankali manyan otal-otal za su riƙa raguwa, shaguna su ƙanƙance. Can sai hancinki ya ɗauko ƙamshin da ya sani. Miyar kuka ce a cikin kula, wata mata ta tsuguna a inuwa tana zuba wa alhazai tuwo. Ɗan Bangaladash zai ɗaga miki abaya yana cewa, "Hajiya, zo, akwai araha." Masu aswaki sun baje shi dami-dami a kan kwali, ƙamshin saiwarsa na tashi in an kankare.

Hausa ba baƙuwa ba ce a garin nan. Kafin jirgin sama, a ƙasa kakanninmu suke zuwa, ta Barno da Chadi da Sudan, su tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Wasu sai su yi shekaru a hanya, suna noma da ƙwadago don neman guzuri, da yawa kuma ba su sake komawa gida ba. Zuriyarsu ce ke amsa sunan Hausawi a Saudiyya. Ko kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafar ƙasar a gasar cin kofin duniya ta 2018, Usama Hausawi, haifaffen Makka ne.

Bayan an dawo daga Mina an gama aiki, sai a shiga kwanakin jiran jirgi, kuma su ne kwanakin tsaraba. Dabino, carbi, jallabiyar jikoki, turare, kowa na auna jakarsa yana ragewa yana ƙarawa. Mu huɗu ne a ɗaki: ni da Umma, da wata dattijuwa mai yawan barci, da wata Hajiya mutuniyar Gumel, mai raha, wadda jininta ya haɗu da na Umma tun a Madina. Wata rana da la'asar sai ga wata mata ta leƙo, ta yi sallama da Hausa tsantsa, ta rage murya ta ce, "Akwai masu son haƙori?"

Umma ba ta ko kalle ni ba, ta jawo hijabinta.

Minti goma, sai guɗa

Muka bi ta lungu-lungu, muka hau wani bene mai ƙunci. Ɗaki ne ɗan ƙarami, da fanka da kujerar roba a tsakiya. Mata kusan takwas suna zaune a kan darduma suna jiran layi, ana ta hira kamar gidan kitso. Mai aikin dattijo ne mai fara'a, yana jin Hausa sosai, kowa ya kira ta da Hajiya. A gabansa akwai faranti da ƙananan hulunan ƙarfe an jera su girma-girma, wasu ruwan zinare, wasu farare kamar azurfa, irin waɗanda maza suka fi sawa saboda hukuncin zinare a kansu.

Ga masu tunanin cire haƙori ake yi a dasa na zinare, ba haka ba ne. Hula ce ake kifa wa lafiyayyen haƙori. Hajiyar Gumel ta riga mu zama, ta nuna haƙorin da ke bayan fiƙarta ta sama. Ya gwada hula ta farko ba ta shiga ba, ya mayar da ita faranti. Ta biyu ta yi yawa, ita ma ta koma faranti. Ta uku ta kusa, sai ya ɗauko wani siririn magogi ya goge gefen haƙorin har ta zauna. Ya kwaɓa wani farin gari a kan gilashi, ya cika hular, ya danna, ya ce ta cije auduga. Ko minti goma ba a yi ba aka miƙa mata madubi, wata ta rangaɗa guɗa.

Kowa fuskarta yake kallo, ni kuwa hannunsa nake kallo. Babu safar hannu. Magogin ya tsoma shi a kofin ruwa ya goge da tawul. Hulunan nan biyu da suka shiga bakinta suka fito da ɗan jini a gefe, suna nan a faranti suna jiran baki na gaba, kuma bakin Umma ne na gaba.

Na gaishe shi da ladabi na ce, "Baba, don Allah wane irin ƙarfe ne wannan?" Ya ce zinare ne mai kyau. Na ce karat nawa? Ya yi murmushi ya ce duk wanda ya sa wa bai taɓa dawowa da kuka ba. A raina na ce ina za su dawo, jirgi ya kwashe su? Na ce a ina ake dafa kayan aikin? Umma ta mintsine ni a cinya. Na duƙa na raɗa mata cewa sugarta ta hau da safe, mu bari sai wani lokaci. Ta san dabara ce. Ta tashi tsam ta yi gaba, har muka isa masauki uffan ba ta ce mini ba.

Abin da na kasa faɗa a gaban mutane

Shekarun baya an taɓa kawo mana wata mata asibitin da nake aiki, cikin dare. Ƙasan haɓarta ya kumbura ya yi tauri kamar katako, ba ta iya haɗiyar miyau, numfashi na neman gagararta. Sai da aka shiga da ita tiyata aka fitar da mugunya, ta yi kwanaki a gadon asibiti. Tushen abin haƙori ɗaya ne da ya ruɓe a ƙarƙashin hular ƙarfe. Daga waje yana ta ƙyalli, kyan ɗan maciji. Tun daga ranar ban ƙara kallon ciwon haƙori a matsayin ƙaramin abu ba.

Ga yadda abin yake. Farin ɓawon da ke lulluɓe da haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi. Amma ƙashi in ya karye yana haɗewa, shi kuwa wannan ɓawon in an goge shi ya tafi ke nan har abada. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ƙananan hanyoyi da ke kai wa ga jijiya, shi ya sa haƙorin da aka goge yake zugi in an sha ruwan sanyi.

In likitan haƙori zai sa hula, sai ya ɗauki awon wannan haƙorin shi kaɗai, a ƙera masa tasa, yadda bakinta zai kwanta lif a jikinsa ba tare da rata ba. Hular da aka zaɓo daga faranti kamar ɗan kunne ba za ta taɓa zama haka ba. Siminti ne ke toshe ratar, miyau kuma yana cin siminti a hankali. Daga nan sai guntun abinci da ƙwayoyin cuta su samu ɗaki, inda buroshi da aswaki ba sa kaiwa. Dasashi ya yi ja, ya fara jini, baki ya fara wari, haƙori na ruɓewa a ɓoye. Ga mai ciwon suga irin Umma abin ya fi muni, domin ciwon dasashi ya fi saurin kama ta, rauni ya fi jinkirin warkewa, kumburin kuma yana ƙara hargitsa sugar kanta.

Sai batun ƙarfen. Baki wuri ne mai wahalar zama: kullum a jiƙe, yanzu shayi mai zafi, an jima ruwan ƙanƙara, ga tsamin lemo, ga taunar goro da ƙashi. Ƙarafa kaɗan ne ke jure wannan shekara da shekaru. Masu arha da ake yi wa ruwan zinare sukan dafe, su saki ɗanɗanon ƙarfe. Wasu akwai nikel a ciki, kuma mata sun fi maza rashin jituwa da shi. In ɗan kunnen kasuwa yana sa kunnenki ƙaiƙayi da ruwa, to ki yi tunanin irinsa a manne da dasashinki dare da rana.

Na ƙarshe shi ne jinin nan da na gani. Ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana bakwai ko fiye. Kofin ruwa da tawul ba sa kashe ta. A asibiti tukunya ce ta musamman ake turara kayan aiki a ciki, da tururi mai zafin digiri 121 ko sama da haka.

Hancin azurfa da hancin zinare

Sai bayan isha'i Umma ta yi magana. Ta ce, "Auta, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Mata nawa suka sa haƙorin nan suka tsufa da shi lafiya?" Na ce gaskiya ne, akwai su da yawa. Ta ce kuma a Islamiyya an karanta musu labarin wani sahabi da aka yi wa hanci na zinare, to ita da take mace mene ne laifinta?

Na san labarin. Arfaja ɗan As'ad ne, an sare masa hanci a wani yaƙi tun kafin Musulunci, ya sa na azurfa, ya yi masa wari, sai Annabi (SAW) ya ba shi umarnin ya sa na zinare. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i duk sun kawo shi. Na ce, "Umma, ni ban ce haramun ba ne, wannan fagen malamai ne. Amma ki duba labarin da kyau. Azurfa ta lalace a jikin mutum, zinare bai lalace ba. Ashe ba kowane ƙarfe ne jiki ke karɓa ba. Kuma shi rasa hancin ya yi aka musanya masa. Ke naki haƙorin lafiyarsa ƙalau."

Har yau likitocin haƙori suna girmama zinare. Ba ya tsatsa, ba ya cinye haƙorin da yake karo da shi, kuma in an ƙera shi daidai yakan yi shekaru masu yawa. Sai dai tsantsarsa, mai karat 24, ya yi laushi da yawa ga tauna, dole a gauraya shi da wasu ƙarafa bisa ma'auni sananne. Matsalata da ɗakin can ba zinare ba ce. Ban san mene ne a farantin ba, mai sa shi ma bai faɗa mini ba.

Umma ta juya ta fuskanci bango. Na ji tana jan carbi har barci ya ɗauke ni.

Muƙamuƙin Hajiya

Kwana uku bayan nan na lura Hajiyar Gumel ta daina raha. Ta koma shan shayi da burodin da ta jiƙa, tana tauna ta gefe ɗaya. Da na matsa mata sai ta ce, "'Yata, in na rufe baki sabon haƙorin ne ke fara dukan na ƙasa. Yanzu ga nan gaban kunnena yana ciwo, har kaina."

'Yar'uwa, sa yatsanki a gaban kunnenki, ki buɗe baki ki rufe. Abin da kika ji yana motsi ita ce gaɓar muƙamuƙi. Guda biyu ne, dama da hagu, tare suke aiki, kuma kowace da ɗan faifan guringuntsi a tsakiya kamar matashi. Da su muke magana da tauna da hamma, ba sa hutawa. Haƙora kuma suna da saurin ji ƙwarai, ko ƙwayar yashi ɗaya ce a cikin shinkafa sai sun gane. In hula ta fi sauran haƙora tsayi ko da kaɗan ne, duk nauyin cizo a kanta yake sauka. Haƙorin ya yi tsami, mutum ya riƙa karkatar da baki don ya kauce masa, tsokokin muƙamuƙi su gaji su fara ciwo.

Amma kar a ɗauka duk ciwon muƙamuƙi daga haƙori yake. Wani babban rahoto da cibiyar masana kimiyya ta ƙasar Amurka ta fitar a 2020 ya nuna cewa matsalolin wannan gaɓa da tsokokinta sun haura iri 30. Sun fi yawa a mata. Damuwa tana ciki, cizon haƙora cikin barci yana ciki, ciwon gaɓoɓi yana ciki. Mafi yawansu kan lafa da abubuwa masu sauƙi: abinci mai laushi na ɗan lokaci, gasa wurin da tsumma mai ɗumi, barin cingam, da rage wangale baki. In muƙamuƙinki yana ɗan ƙara amma babu ciwo, yawanci ba ya buƙatar magani. Shi ya sa masana ke gargaɗin kar a yi gaggawar goge lafiyayyun haƙora ko yin tiyata da sunan gyaran muƙamuƙi.

Na Hajiya dai sanadinsa a fili yake. Na ce ta gwada sa yatsunta uku a tsaye tsakanin haƙoran sama da na ƙasa, wanda shi ne kimanin buɗewar baki mai lafiya. Da ƙyar biyu suka shiga. Na ce gobe sai asibiti. Umma ta ce za ta raka ƙawarta.

A kujerar likita

Muka sami wani ƙaramin asibitin haƙori mai lasisi a manne a bango. Likitar 'yar Sudan ce, ta iya "sannu" da "ina ciwo", sauran muka haɗa da Turanci da guntun Larabci. A gabanmu ta yage ledar da kayan aikin ke ciki. Ta sa wa Hajiya wata siririyar takarda mai shuɗi ta ce ta cije. Da ta buɗe baki, sai ga tabon shuɗi ya taru a kan hular, sauran haƙoran gefen kuwa da ƙyar suka taɓa juna. Ta kira Umma ta nuna mata a madubi, ta kuma nuna mata busasshen siminti da ya cushe a ƙarƙashin dasashi, wurin ya yi jawur. Gani ya kori ji.

Hajiya ta yarda aka cire. Gefen da aka goge, likitar ta rufe shi da farin ciko mai kalar haƙori, irin wanda ake haska wa shuɗiyar fitila ya daskare nan take. Yana da kyau a ido, sai dai yana son wuri busasshe lokacin sa shi, in miyau ya taɓa ba ya kamawa sosai. Hajiya ta karɓi hularta ta ƙulle a bakin gyale, ta ce ko ba komai kuɗinta ne.

Ban ce wa Umma komai ba. Ita da kanta ta hau kujerar ta ce a duba ta. Can ciki aka ga wani tsohon baƙin ciko a turminta, wanda aka yi mata tun ina goye. Irin wannan ana kiransa amalgam, an fi shekara 150 ana amfani da shi, kuma kusan rabinsa sinadarin makuri ne, wanda tsofaffi ke kira zaiba. Yana da ƙarko, amma duniya na janyewa daga gare shi saboda illar makuri ga muhalli. A 2013 aka ƙulla yarjejeniyar Minamata, sunan wani gari a Japan da gubar makuri daga masana'anta ta nakasa mutanensa, kuma Najeriya na cikinta. A 2022 ƙasashen suka amince a guji sa wannan ciko ga yara 'yan ƙasa da shekara 15 da masu ciki da masu shayarwa, sai in likita ya ga babu makawa. Duk da haka likitar ta ce na Umma lafiya lau yake, a bar shi, domin fasa lafiyayyen ciko ɓarnar haƙori ce kawai.

Abin da ba mu zata ba shi ne wani ƙaramin kogo a wuyan wani haƙori, daidai bakin dasashi. Umma ta ce dama yana yi mata zugi in ta sha zamzam mai sanyi, ta yi shiru ne don kar in dame ta. Likitar ta kwaɓa wani gari da ɗigon ruwa ta cike shi. Garin gilashi ne na musamman, wanda wasu masana biyu, Alan Wilson da Brian Kent, suka ƙirƙiro a Landan a farkon shekarun 1970. Yana manne wa haƙori da kansa, yana jure ɗan danshi, kuma yana sakin sinadarin fuloraid da ke taimakawa wajen hana ruɓewa. Da irin wannan ciko ne aka bunƙasa wata hanya da wani likita ɗan Holan, Jo Frencken, ya faro a Tanzaniya a shekarun 1980, ta kankare ruɓa da kayan hannu a cike kogon, ba inji ba lantarki. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna. Na daɗe ina tunanin yaran ƙauyukanmu da ake cire wa haƙori alhali da irin wannan za a iya ceto shi.

Kafin ta sauka Umma ta ce in tambayar mata zinare. Likitar ta ce ana yi, na gaske, da awo da komai, amma sai an sassaƙe haƙori ta kowane gefe, ita kuma hannunta ba ya son sassaƙe lafiyayye. Ta ce in wata rana wani ya karye yana buƙatar hula, to zinare zaɓi ne mai kyau. Umma ta yi shiru, sannan ta ce, "To, Allah Ya sa kar ya karye."

Ga wadda ta riga ta sa

Ban rubuta wannan don in kunyata kowa ba. Iyayenmu da yawa suna da shi, wasu ma aikin ƙwararru ne. In kina da shi, ko Hajiyarku tana da shi, a riƙa wanke gefensa da kyau safe da dare da man goge baki mai fuloraid, a kuma sa zaren sakace tsakaninsa da maƙwabtansa. A je likitan haƙori ya duba, ya ɗauki hoto, ko da babu ciwo, domin ruɓar ƙarƙashin hula ba ta sallama. Jini a dasashi, wari, baƙi a gefen hular, motsi ko zugi, duk alamu ne na a hanzarta. In kuwa fuska ko ƙasan haɓa ya kumbura, ga zazzaɓi, baki ya ƙi buɗuwa ko haɗiya ta yi wuya, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne. In an sa shi a wurin da ba a tabbatar da tsabtar kayan aiki ba, gwajin ciwon hanta ba shi da wahala, kuma na ba Hajiyar Gumel wannan shawarar kafin mu rabu. Mai niyyar sawa kuma ta nemi asibiti mai lasisi, ta tambayi sunan ƙarfen, ta kuma tabbata ta ji nawa za a ci daga haƙorinta kafin ta buɗe baki.

Dawowa

Da kuɗin haƙorin Umma ta sayi ɗan zobe mai karat 21 da damin aswaki na rabo. Ranar da muka sauka gida ya cika, ana shan zamzam a ƙananan kofuna. Wata maƙwabciyarmu ta leƙa fuskarta ta ce, "Hajiya, ina haƙorin? Ko Auta ta hana?" Gabana ya faɗi. Umma ta buɗe baki ta nuna can gefe ta ce, "Ga shi nan, a Makka aka yi shi. Fari ne, ba ya son nuna kansa." Aka kwashe da dariya.

Amma ranar nan na shiga ɗakinta ba ta ji shigowata ba, na tarar da ita gaban madubi ta ɗora zoben a kan haƙorinta tana murmushi. Na ja da baya a hankali. Na san abin da na tsare mata, na kuma san akwai abin da na hana ta, wanda ta yi shekara tara tana ɗinka hula da shi a ranta. Har yau ban ce mata na gani ba.

Ku fa, iyaye mata, akwai mai haƙorin Makka a gidanku? Shekara nawa ya yi, kuma yaushe rabon da likita ya leƙa ƙarƙashinsa?